Inda Iska ke Kwanciya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Injiniya, mai jirgin zane. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Legas lafiya, ka samu abokan aikinka lafiya. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya raba ka da sharrin abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Ƙanwarka Rabi ce za ta ɗauki hoton takardun nan ta turo maka ta waya. Idan ka ga rubutun ya yi manya-manya kamar na allon talla, ka yi haƙuri, za ka ji dalili a gaba.

Bari in fara da yabo, don kada ka ce tsohuwar nan ba ta san abin kirki ba idan ta gan shi. Wallahi na jinjina wa masu jirgin nan naku. Na tsufa a Kantin Kwari ina sayar da atamfa, na ga wayo iri-iri, na ga wanda ya sayar da zanen bara da sunan sabon yayi, amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya kai su ba. Mutane su sayi jirgin ruwa, su sa masa inji mai aiki da batir, su shimfiɗa masa sola, su ajiye ɗan janareto a gefe saboda ɓacin rana, sannan su ɗaga ƙyalle sama su zauna suna jiran iska. Su ɗebi zoɓon Jigawa da cittar kudancin Kaduna su kai Turai a makare, su manna takarda a buhu cewa iska ce ta kawo, Turawa su yi layi su saya da tsada. Ni idan kayana suka makara rage kuɗi nake yi, har da ban haƙuri. Ku kuwa makarar ce hajarku. Madalla. Da na san haka, da tun tuni na riƙa ɗauko atamfa daga Kwatano a kan jaki.

Kuma ƙyallen ma, da Rabi ta buɗe mini hotonsa ta matso da shi, na ce yadi nawa ne wannan, kuma wa ya ɗinka? Fari fat, ko ɗigon ado babu. Da sun tambaye ni, da na samo musu mai zanen tsuntsu, ko kifaye su samu abin kallo.

Kada ka ɗauka ban fahimci aikin ba. Ranar da kake yi wa Rabi bayani a falo kuna cin tuwo, ina zaune can gefe na ba ku rabin baya ina jan carbi, babu abin da ya wuce kunnena. Ka ce idan iska na tura jirgi, farfelar da ke cikin ruwa tana juyawa da kanta tana cika batir. Idan kuka kunna inji, batir ke ciyar da farfela har ya ƙare. Ka ce dole a bar wani abu a batir saboda shiga tasha, don ba a shiga tsakanin manyan jirage da ƙyalle, da kuma saboda ranar da hadari zai taso. Ka ce akwai wani wuri a hanyar dawowa, kafin a iso gaɓarmu, inda iska ke kwanciya kamar an yi mata allura, teku ya zama faranti, jirgi ya tsaya cak. Kuma kyaftin ɗinku, dattijon nan da ka ce ba ya cin abinci sai da man zaitun, ba ya kunna inji sai ya waiwayo ya tambaye ka, saboda batir a hannunka yake.

Sai ka faɗi maganar da ta sa na ajiye carbi. Ka ce masu jirgi sun ba ku izinin kunna inji na wasu awanni a kowace tafiya ba tare da an cire takardar nan daga buhu ba, amma ku ko rabi ba ku taɓa ci ba. Ka ce a tafiyar da ta wuce kun zauna a wurin nan fiye da mako kuna kamun kifi kuna wanke bene, kyaftin ya tambaye ka, ka ce a jira. Rabi ta ce, "Yaya, to ba ka gaji ba?" Ka yi dariya ka ce, "Ke dai ba ki san daɗin shirun teku ba." Muryar babanku sak, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake ba da labarin yadda ya yi azumin nafila a tsakiyar bazara.

To, tunda kai ake tambaya, bari wadda ta riga ka ganin hanya ta gaya maka inda ta yi tuntuɓe. Na yi tafiya irin ta inji, na yi irin ta iska, duka biyun kuma na sha kashi.

Ta inji dai abin dariya ce. Kana ƙarami a lokacin, kana wajen kakarka ta wajen uba a Kaura Goje, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Aka ce wani sabon zane ya sauka a Kwatano, duk wadda ta fara shigo da shi Kano ita ce da kasuwar Sallah. Sauran mata suka shiga babbar mota mai tsayawa kowane gari a sha ruwa a yi salla a sayi doya. Ni na ce ba da ni ba. Na ɗauki shatar ƙaramar mota ni kaɗai, na zauna a gaba ina zuga direba. Ya ce, "Hajiya, a bar ta ta huce." Na ce, "Mota ce ko amarya?" Muka wuce babbar motar a hanya, har da ɗaga musu hannu. Kafin mu kai Jebba injin ya buga. Ina zaune a kan dutse a gefen titi, mayafina duk baƙin mai, sai ga babbar motar nan tana tafe a hankali kamar mai ciki. Hajiya Larai, wadda shagonta ke kallon nawa, ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu da isowa Kwatano! Yaya farashi?" Har ta koma ga Allah ba ta daina tambayata farashin Jebba ba.

Saboda haka ban ce ka zama mai ɗokin makunni ba. Injin da aka kunna don a ga ka riga kowa, shi ne yake mutuwa a inda babu makanike. Abin da ka ce a bari a batir saboda tasha da hadari, ka bar shi, ko wa ya roƙe ka, ko da ni ce. Gara ka zo a makare da ka sa a zo mini da labari. A nan kai ke da gaskiya, kuma ka ji na faɗa, ba kullum nake faɗa ba.

Ta iska ce ba ta da daɗin ji. Ban taɓa gaya wa ɗayanku ba, ba don sirri ce ba, sai don babu wanda ya tambaya.

Ka san ni ma 'yar fari ce a wajen Inna. Tun da na yi wayo ban ji sunana a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "mutuniyar Kano" bayan na yi aure. Idan na je Haɗeja ba ta tashi ta tare ni, sai ta ci gaba da tankaɗe, ta ce wa ƙanwata, "A ba baƙuwa ruwa." Amma kazar da aka fi ƙauna a gidan ita ake yankawa a ranar. Haka muka taso, ba mu ga aibinsa ba.

Wata shekara ana saura kwanaki Sallah, kasuwa ta cika har ba wurin sa ƙafa, wani mai kawo kifi ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Inna na gaishe ki. Ta ɗan kwanta, amma da sauƙi. Ta ce idan kin samu hanya, ba gaggawa."

Kai, na san Inna. Matar da ba ta taɓa aiko mini da gaisuwa da bakinta ba, yau ta aiko. Na san irin daurewar da ta yi kafin ta furta ko wannan. A cikin raina na ji kiran sarai. Amma tunda ta ce ba gaggawa, sai na riƙe kalmar na rataye ta a wuya kamar laya. Akwai wani maƙwabcinmu a kasuwa da motarsa ke zuwa Haɗeja ɗaukar tattasai, ya ce zai tafi da ni gidan gaba kyauta, gobe. Gobe ta yi, taya ta fashe. Jibi direba ya tafi suna. Gata aka ce farashin tattasai bai faɗo ba tukuna. Duk kwanakin nan kuɗin mota na ɗaure a lalitata, tasha kuma ba ta ƙaura ba, kullum safiya motocin Haɗeja na lodi suna tashi. Ban kira abin rowa ba, ban kira shi son ciniki ba. Haƙuri na kira shi. Ina cewa komai da lokacinsa, ina jin kaina wata mai tawakkali.

Ranar da motar tattasai ta tashi, na shiga gidan gaba na zauna da ledar atamfar da na zaɓo mata, mai ruwan ƙasa, irin wadda take so. Muna shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa Inna ta sa a juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Ba ta ce tana jiran kowa ba. Cewa ta yi iska ta fi shigowa ta nan.

Atamfar tana cikin akwatina har yau. Ba ta yi komai ba, ko launi ba ta canza ba. Nan ne matsalar mai sayar da zane, ka gane. Hajarmu ba ta ruɓa. Idan ba ta fita bana ba, ta fita baɗi, sai mu ɗauka duk duniya haka take. Da tumatir nake sayarwa da ban yi wannan wautar ba. Mai tumatir ba ya tambayar wace mota ce ta fi arha ko wacce ta fi mutunci. Kwandonsa yake dubawa.

Shawarar ke nan, idan kana so ka ji ta a dunƙule: duk ranar da jirgi ya tsaya, kyaftin ya waiwayo, kada ka fara duban ƙyalle, kada ka fara duban batir. Ka fara tambayar kanka me ke lalacewa yayin da kuke jira. Idan babu, ku yi ta kamun kifinku, Allah ya ba da sa'a. Zoɓo busasshe ne, citta ma haka, za su jira ku har ku yi furfura.

Ko a gidan nan haka nake yi. Ka san maƙwabcinmu na bayan katanga, wanda janaretonsa ya kai ɗakin amarya girma, ga sola ya rufe rufin gida da ita, amma idan aka ɗauke wutar gwamnati sai ya fito barandar sama da mafici yana jira a kawo, wai shi ba ya ɓarna. Iyalinsa na ciki suna narkewa. Ni kuwa idan aka yi kwana biyu ana hadari sola ta kasa, Malam Ilu mai gadi yakan zo bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, a tayar?" Idan don fanka ce, in ce a bari, bishiyoyin mangwaron da Turawa suka bar mana a unguwar nan ta Nassarawa ba don ado suke ba. Amma idan firij ya fara ɗumi, ba na ko bari ya gama tambaya. Maganin idona a ciki yake.

To ga mu mun iso inda nake ta kewaye-kewaye.

Maganin nan da ka ga Rabi na ɗiga mini safe da yamma, ka tambaya, na sa ta ce maka ƙaiƙayi ne. Ba ƙaiƙayi ba ne. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin gefe-gefe ban sani ba. Na hagu ya riga ya tafi, sai dai ado. Na dama kuma ganinsa ya tsuke, kamar mai leƙe ta bakin buta. Abin da na sa a gaba na ƙura masa ido, ina ganinsa tar. Abin da ke gefe kuwa babu shi. Shi ya sa na bar wa yara shago, ba don hutu ba kamar yadda na ce. Ranar da wata ta ɗauki turmin atamfa biyu a gefena ta fita ina mata Allah ya kiyaye, na san zamana ya ƙare. An sa ranar yi mini aiki a idon bayan Babbar Sallah, kafin soyayyen naman layya ya ƙare a tukunya. Na ce wa likita ya gaya mini gaskiya irin ta kasuwa, ba irin ta asibiti ba. Ya ce aikin ba ya dawo da abin da ya tafi, ƙoƙari ne a tsare wanda ya rage, kuma a irin nawa wani lokaci a tsare, wani lokaci ɗan abin da ya ragen ma ya bi sauran. Na ce na gode, wannan ciniki ne na a saya a rufe.

Yanzu ka duba abin da na yi da hutunka. Ka zo gidan nan ka yi makonni. Ni da ba na ganin mutum sai na juyo na fuskance shi na zuba masa ido kamar mai duban jabun kuɗi. Kai kuma ɗan fari. Yaushe uwa ta taɓa zama ta ƙura wa ɗan farinta ido? A gaban Rabi? A gaban masu aiki? Sai na yi yadda na saba, yadda Inna ta yi. Ka shigo gaisuwa ka durƙusa, in juya gefe in amsa, gefen da ba ya gani. In ce wa Rabi, "A tambayi yayanku ko zai ci dambu." Na ga takalmanka a bakin ƙofa, na san ɗaya ya fi ɗaya cinyewa ta dunduniya. Na ga bayanka ta taga kana duba batiran sola kana yi wa Malam Ilu faɗan ƙura. Na ga hannunka a kan kwano, da wani tabo a babban yatsa da ban san shi ba, igiya ce ta yi maka ko wuƙa, ban tambaya ba. Rabi ta ce ka tara gemu, wai har da fari ɗaya-biyu. Maman Dauda, malamar nan 'yar Zariya da ke zuwa mu yi hira, ta ce, "Hajiya, ɗanki ya koma babansa sak." Na ce, "Haka ake faɗa." Kowa a unguwar nan ya ga fuskarka, har mai kawo ruwan leda. Ban da ni.

Kullum ina cewa gobe. Gobe zan samu hanya, idan ya yi barci a kujera, ko idan ya shagala da waya. Ka ga motar tattasai ta sake dawowa, ni kuma na sake zama ina jiranta, da girmana.

Da safiyar da za ka tafi, ka durƙusa ka ce, "Hajiya, zan koma. In sha Allah ina nan kafin Babbar Sallah, idan iska ta ba mu." Me na ce? Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ba gaggawa." Sai da ƙarar mota ta fita get na ji abin da bakina ya faɗa. Kalmar Inna ce, ko wasali ban canza ba. Na zauna a wurin har shayina ya yi sanyi.

Shi ya sa na nemi biro mai kauri. Ban yarda in bar maka irin gadon da aka bar mini ba, wato kalma mai laushi da za ka rataya a wuya ka yi shekaru tana shaƙe ka. Na janye "ba gaggawa". Akwai gaggawa. A tafiyar nan akwai tumatir a cikin kayanka, kuma ni ce.

Kada ka tsorata, kada kuma ka yi wauta. Ban ce ka bar aikinka ka hau jirgin sama ba, ka ɗauki amanar mutane, ka kai ta. A tafiya ku bi iskarku yadda kuka saba, ku cika batir, Turawa su sha zoɓonsu da takardarsa. Idan teku ya yi fushi, ka manta da ni gaba ɗaya, ka yi abin da zai fisshe ku. Magana ɗaya nake yi, ta wurin nan na hanyar dawowa inda iska ke kwanciya. Awannin da aka ba ku halal ne, ba sata ba, kun yi ta tara su kamar za a ba ku lambar yabo. Idan dattijon ya waiwayo ya tambaye ka, ka tuna akwai wata a Nassarawa da aka sa wa rana. Idan ya nemi dalili, ka ce masa tsohuwarka na son ta duba wani kaya kafin a rufe shago. Shi ma ai wata ce ta haife shi.

Ba wani abu zan yi maka ba idan ka zo. Ba zan kira sunanka ba, ban taɓa ba, ba kuma a tsufa zan fara ba, sunan surukina ne, harshena ba zai ɗauka ba. Ba zan rungume ka ba kamar a fim. Zan sa Rabi ta je Hotoro wajen ƙawarta, in aiki Malam Ilu sayen goro. In sa kujera a baranda wajen da hasken hantsi ke faɗowa, ka zauna a gabana, ka yi ta danna wayarka idan kunya ta dame ka, ni ma za ta dame ni. In dube ka yadda nake duban atamfa kafin in saya, daga wannan baki zuwa wancan, a hankali. Daga nan likita ya yi abin da Allah ya nufa. Abin da na gani na gani, babu mai ƙwace shi.

Rabi na gaishe ka, ta ce ka bar cajarka a ɗaki kuma ta zama tata. Malam Ilu ya ce a gaya maka ya goge batiran. Yajin da ke cikin jakarka ta baya na daddawa ne, kada ka ba dattijon da yawa, ba a san cikinsa ba. Ka riƙe salla ko jirgi na rawa, ka yi a zaune idan ta kama. Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku iska mai albarka ta bayanku, ya kwantar muku da ruwa, ya kare ku daga dare da abin da ke cikinsa. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Ni ce,
Hajiyarku.

Af, na manta ban tambaya ba, tunda ni ban yi karatun injiniya ba, a aji uku aka cire ni. Makunnin injin nan naku, da yatsa ake danna shi kamar na janaretonmu, ko shi ma sai iska ta ga dama?